Gayyar da Ta Tsallake Gamba

Shekarar da muka ce za mu karrama Kofur, ko ɓera ya daina kwana a rumbunanmu. Fari ne ya biyo bayan yaƙin basasa. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone, wadda ta kama daga baya ma tsaye take kamar mai jinya.

Kofur taubashina ne, ɗan gwaggona, saboda haka bawana ne ko ya ƙi ko ya so. Ya tafi yaƙi da kunne biyu, ƙarar igwa ta kashe masa na hagu. Tun da ya dawo ba ya hira. Kullum da safe yana gindin durumi yana wasa fartanyarsa a dutse, har bakinta ya koma kamar aska. Ka yi sallama ya amsa, ya ci gaba da wasawa.

Kowa ya san abin da ke cinsa, babu mai faɗa. A ƙasarmu ta wajen Ɗanbatta gona manne take da gona, iyaka kuwa layin gamba ne kawai. Gamba ba ta da ƙafa, amma shekarun da Kofur ya yi a Kudu tasa ta koyi tafiya, duk damina sai ta matso ciki. Wadda ta fi sauri ita ce ta gabas, inda ya yi maƙwabtaka da ƙanin dagaci, mutum mai ƙartin 'ya'ya cike da gida. Abin da ya rage wa Kofur ba zai ciyar da shi da tsohuwarsa ba ko a shekarar albarka.

Sai dagaci ya dawo daga wajen hakimi da saƙon a girmama mazan jiya. Rago babu, riga babu. Aka ce to, a yi masa gayyar noma, ƙarfi dai ba a saye. Ni aka ɗora wa jawabin godiya, domin na kai aji uku a elementare kafin malamin ya gaji da ni, kuma a garinmu lokacin wannan digiri ne.

Ranar kowa ya fito, har ƙanin dagaci da 'ya'yansa. Mai gangar noma tsoho ne da yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai inuwar wanda ke gaba. Ƙa'idar gayya kuwa, ganga na bin na gaba, kuma muddin tana kuka namiji ba ya ajiye fartanya.

Kafin gumi ya jiƙa mana riga gonar ta ƙare. Muka tsaya cirko-cirko a bakin gamba, kowa na kallon ƙasa. Kofur bai tsaya ba. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake gambar gabas, ya duƙa cikin geron ƙanin dagaci ya ci gaba da noma. Mai ganga ya bi shi yana zuba masa kirari, bai san ya shiga gonar wani ba.

'Ya'yan ƙanin dagaci suka zagayo suka tare gaba. Babbansu ya ɗaga fartanya sama da kafaɗa. Samarin unguwarmu kuma ganga na jansu, sun fara matsowa. Da an sari mutum ɗaya a wurin nan, ba a san inda rigimar za ta tsaya ba.

Dagaci ya damƙi hannuna. "Je ka janye bawanka, kai kaɗai ne ba zai sara ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ba ka wannan tabbacin?"

Ya tura ni. Na isa kusa da Kofur, na ce, "Kai bawa! Kunne aka ce ka rasa, ashe har da ido? Ka wuce gonarka."

Bai ɗago ba. "Ta mataccen kunnen ka zo," ya ce, ya sari ƙasa. Saura taku kaɗan fartanyarsa ta kai yatsun babban yaron.

Jawabin da na kwana biyu ina haɗawa ya tsere. Abin da ya rage mini bakin taubashi ne, wanda ba a kai shi ƙara. Na juya na ɗaga murya.

"Jama'a, ku yi wa wawan nan uzuri! Shi a zatonsa kututturen gawon can, inda ubansa ke ɗaure jaki, har yanzu a gonarsu yake. Ba a gaya masa ba cewa da ya tafi yaƙi kututturen ya yi fushi ya ƙaura gidan maƙwabci!"

Babu wanda ya yi dariya. Amma duk idanu suka koma kan kututturen, can tsakiyar geron ƙanin dagaci. Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Wallahi nan ake ɗaure jakin. Ya taɓa harbina a wurin."

Ƙanin dagaci ya ce wa wansa, "Yaya, irina na ƙarshe ke nan na zuba a ƙasar nan. Me yarana za su ci?"

Dagaci ya dubi fartanyar da ke sama. Sannan ya ce wa yaron, "Sauke. Kauce masa. Geron bana na ubanku ne, ƙasar ta mai ita ce."

Yaron ya kauce, ba don ya so ba. Kofur ya nome har kututturen, ya jingina fartanyarsa a jiki. Ganga ta yi shiru. A ranar muka tumɓuke gamba muka mayar da ita mazauninta.

Geron bai yi ba. Ruwa ya ɗauke yana fitar da kai, daga Kofur har maƙwabcinsa kara suka girba. Ƙanin dagaci kuwa har ya koma ga Allah bai sake amsa gaisuwata da baki ba, sai da hannu. Amma gonar na nan, jikokin Kofur ke nomanta.

A hanyar gida ina ta hagunsa, ya ce, "Wawa ka ce?"

Na ce, "Ba mataccen ne ta nan ba?"

Ya ce, "Yana tashi in ana zagina."