Lemon 'Yan Dubiya

Na kusa ritaya a aikin jinya, amma ranar da aka kwance ƙafar Malam Umaru a gaban likita ba ta bar raina ba. Lokacin ina ɗakin maza na wani asibiti a Birnin Kebbi, ni ke wankin ciwo.

Malam Umaru manomin shinkafa ne daga Zauro, mai ciwon suga. Kara ya soke shi a fadama, ɗan rauni da ko tsaki ba za ka yi masa ba, ya ruɓe har idon sawu. Ku sabbin shiga aikin jinya, ku riƙe wannan: fata tana da nata maganin da take kashe ƙwayoyin cuta da shi. Amma in suga ya yi yawa a jiki, ƙwayoyin sun sami abinci. Su ƙoshi, su yi ƙarfi, maganin fatar ya kasa su.

Kwana goma muna wanki, muna allura, suga ya ƙi sauka. Da na duba ƙarƙashin gado sai ga kwalaben lemo, duk an shanye. Na yi masa faɗa sosai.

Ya ce, "Ɗana, surukaina na. Daga Argungu sunka taso, sunka buɗe min da hannunsu. In ce musu mi?"

Na ce, "Baba, ka ce likita ya hana."

Ya ce to. Na wuce gado na gaba ina jin na yi aikina. Alhali na san mutanenmu. Na san dattijo irinsa ba zai mayar da hannun suruki ba, ko guba aka miƙo masa.

Ranar Talata likita ya kwance bandeji, ya ga baƙi ya haura ƙwauri, ya ce a shirya tiyata, a yanke ƙafar. Da Malam Umaru ya farfaɗo, ya daɗe yana kallon inda zanen ya kwanta.

Ya ce, "Ɗana, wa za ya shiga min hwadama bana?"

Har yau kunyar wannan tambaya nake ji. Na ɗora wa majinyaci nauyin da nawa ne. Tun daga nan ni ke tsayawa a ƙofa lokacin dubiya, in karɓe kwalba daga hannun kowa, ko sa'an ubana ne. Ana cewa ba ni da kunya. Su faɗa. Malam Umaru yana da ita, a kan sanda ya koma Zauro.