Gefen bencina da masu koriyar riga

Tun shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama nake zama a gefen inuwa na bencin majalisarmu a Fagge. Yanzu ƙwallon kwandon Amurka na neman tashina.

A shagon wanzaminmu na Sabon Gari ake maimaita wasan a talabijin da hantsi. Satin jiya na ce masu koriyar riga ne za su ɗauki kofi. Abokina Alhaji Modu ya ce jajaye. Muka yi alkawari: in nasa suka ɗauka, na bar masa gefena har abada.

Wasan farko koraye suka ci. Na miƙe na gyara hula, na ce magana ta ƙare.

Modu ya ce, "Zauna, Malam Sani. Sau bakwai ake karawa, sai wanda ya fara cin huɗu."

Na ce, "Wanda aka kayar kuma a sake ba shi dama? Lokacinmu a dambe hannunka ya taɓa ƙasa, shi ke nan."

Ya ce, "To da wa ka yi shawara ka zaɓe su?"

Na ce, "Da kaina. Na tsufa ina sayar da yadi a Kwari, kore ba ya koɗewa."

Daga nan jajaye suka ci uku a jere. Saura ɗaya. Modu har ya fara kakkaɓe gefen nawa da hularsa.

Ni dai ban canza ba. Ku masana, koraye za su dawo?

Gobe ina idar da asuba zan je in zauna a wurina. Har yanzu nawa ne.