Taku Goma Sha Bakwai Daga Gindin Goro

A unguwarmu ta Agege ba sai an duba kalanda ake sanin azumi ya matso ba. Da ka ji maƙera sun tashi da wasa adduna tun da sassafe, to Lahadin ƙarshe ta Sha'aban ce, ranar gayyar share tsohuwar maƙabarta. An daina binne kowa a cikinta tun kafin in yi aure, ta cika. Amma a nan mutanen farko suke kwance, fataken goro da tsofaffin sojoji da 'yan dakon tashar jirgi, waɗanda suka sare dajin da muke zaune a kai yanzu. Kakana na cikinsu. A Iddo jirgin ƙasa ya sauke shi, ya yi dako har ya haɗa jarin goro, bai sake komawa gida ba. Ko hotonsa ba mu da shi. Kabarin nan kaɗai muke iya nunawa mu ce daga nan muka fara.

Ciyawar Legas ba ta da kunya, kafin shekara ta zagayo ta kai ƙugu. 'Yan dakon kasuwar Mile 12 su ne a gaba da adduna, mu haifaffun Legas muna baya da manjagara, suna yi mana dariya wai muna riƙe fartanya kamar cokali. Mata ba sa shiga. A bakin katanga suke jera tukwanen koko da ƙosai da burodi mai zafi, kowa ya gaji ya fito ya sha. Maƙwabtanmu Yarabawa in za su wuce sai su leƙo daga motar haya ta danfo su ce, "E ku ise o," wato sannu da aiki. Bakano da Bazazzagi kuwa su yi ta tsokanar juna har sai liman ya yi gyaran murya ya tuna musu inda suke. Ina kewar wannan hayaniyar. Yanzu rabin masu zuwa kansu na kan waya.

In an gama saran gayya, kowa sai ya nufi nasa, ya cire ragowar ciyawa da hannu, ya ƙara ƙasa, ya yi addu'a. Mu ba ma rubuta suna a kabari. Wani ya sa tsingaro, wani dutse, damina ɗaya ta kwashe su. Baba nasa lissafin daban ne. Yakan jingina bayansa da tsohuwar bishiyar goron da ke bakin ƙofa, ya fuskanci alƙibla, ya yi taku goma sha bakwai, ya durƙusa a kabarin kakana. Bai taɓa kuskurewa ba.

Baba gajere ne, tafiyarsa kuma a ƙididdige take, kamar mai gudun taka ƙwai. Ni dangin uwata na ɗauko, dogo ne ni, ga gaggawa. Duk inda za mu, ko masallaci ne ko tashar mota, sai in wuce shi in tsaya ina jira ina tsaki a zuci. Har na taɓa ce masa, "Baba, a bari in sa mai walda ya yi allon ƙarfe a kafa, a huta da wannan ƙirgen." Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Mu ba mu gaji haka ba. Kai dai riƙe goma sha bakwai." Na riƙe ɗin. Yana ƙirgensa ina can gefe ina hira da abokai, sai ya durƙusa nake zuwa.

Da Allah ya yi masa rasuwa, a sabuwar maƙabarta can bayan gari aka binne shi. Gayya ta zagayo, na jingina da goron, na yi taku goma sha bakwai, na tarar da ɗan tudun ƙasa. Na durƙusa na gyara shi tsaf, na yi wa kakana addu'a, har da ƙwalla. Shekara shida ina haka.

Akwai aminin Baba, tsohon mai ɗaurin goro, muna ce masa Kawu. Ƙafa ta hana shi aiki, sai a ajiye masa benci a gindin bishiyar yana kallo. A shekara ta bakwai, na jingina ke nan zan fara ƙirge, ya riƙo gefen rigata.

"Ɗana, ina za ka?"

"Wurin kaka mana, Kawu."

"Wanda kake zuwa ba kakanka ba ne. Kana wuce shi. Goma sha bakwai na babanka ne, ba naka ba. Kai taku ɗaya naka ai ya kusa biyu nasa."

Raina ya ɓaci, sosai ma. Na ce, "Haba Kawu, shekara shida kana zaune a nan kana kallona?"

Bai ji haushi ba. Ya ɓare goro ya jefa a baki, sannan ya ce, "Wanda kake gyara wa, mutumin Nijar ne, mai sayar da ruwa. Da mu aka binne shi. Ba shi da kowa a garin nan, tun da aka rufe shi ba wanda ya taɓa durƙusawa a kansa sai kai. Na ce kakanka ya sha addu'a shekara da shekaru, bari wannan ma ya samu. Amma bana jikina ya gaya mini in daina jinkiri."

Tsoro ne ya maye gurbin faɗan da na shirya, domin filin duk an share shi, tudu-tudu ne iri ɗaya har bakin katanga, ba alama ko ɗaya.

Na ce, "To wanne ne, Kawu? Nuna mini."

"Idona ba ya kai can. Ni ma a tafiyar babanka nake gane wurin. Ai ka san yadda yake tafiya."

Na sani kuwa. Ba abin da na sani a duniya kamar wannan tafiyar da ta sha cinye mini haƙuri. Na koma na jingina da goron. Jirgi ya yi kuka daga wajen tasha, na jira ya wuce. Na ɗaga ƙafa na ajiye ta kusa, kusa ƙwarai, hannu ɗaya a baya yadda Baba yake yi. Samarin Mile 12 suka bar hira suna kallon ƙaton mutum yana tafiya kamar mai koyo, ban kula su ba. A na goma sha bakwai, tafin ƙafata ya taɓa gefen wani tudu da ya kusa shafewa. Na juya, Kawu ya gyaɗa kai.

Kawu bai ga gayya ta gaba ba. Yanzu kabari biyu nake gyarawa, in fara da kakana in ƙarasa wurin mai ruwa, don na saba da shi. Kuma duk shekara in na jingina da goron nan na rage takuna, sai in ji kamar babbar rigar Baba tana gabana kaɗan. Tafiyar ba ta kai minti ɗaya, amma ita kaɗai ce muka taɓa yi tare ban wuce shi ba.