Dambun da Na Ƙona Ranar Jajiberi

Ni mutum ne mai baki a kan abinci, alhali ban taɓa dafa komai ba sai ruwan shayi. Na daɗe ina cutar matata da wannan bakin, shi ya sa nake son in faɗi laifina da kaina.

A ofishinmu da ke Doka, inda nake aikin kai takardu, muna yin watanda duk ƙaramar sallah. A haɗu a sayi sa, a yanka da safiyar jajiberi, a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa. Tun da na yi aure, nawa kashin hanya ɗaya yake bi. Matata ta ware na miya, ta kwashi tsokar ta tafi Abakpa gidan Inna, mahaifiyata, don can akwai babban turmi. Da yamma ta dawo Unguwar Sarki da dambun nama kwano biyu, ɗaya a langar Inna mai zanen fure, ɗaya a robar gidanmu. A sanina kowacce nata ta soya.

Ni kuwa sai in zauna kamar alƙali. In ɗanɗani na langa in lumshe ido, in taɓa na roba in taɓe baki.

"Kin ji dambu? Hannun tsofaffi daban ne. Naki ba laifi, amma da saura."

Har gaban baƙi nake faɗa. Ita dai sai ta ce, "To, Malam, Allah ya koya mana." Da Inna ta rasu kwano ya koma ɗaya, na riƙa cewa dambu ya bi Inna kabari. Ban taɓa ɗaga kai na dubi fuskar matata ba in na faɗi haka.

Wata shekara, ana saura kwana huɗu sallah, santsi ya ɗauke ta a bakin famfo, ta karye a hannun dama, aka yi mata ɗori. Da na shigo da nama ranar jajiberi ta ce za ta roƙi maƙwabciya.

"Wace maƙwabciya? Ni da na tashi a gindin turmin Inna? Zauna ki kalla."

Ta ja kujera ta zauna a ƙofar ɗaki, hannu a rataye a wuya.

"Malam, a cire kitsen nan da jijiya."

"Kitse ai shi ne daɗin nama."

"Kuma manya ake yankawa, don ya yi zare."

Na riga na yanka ƙanana kamar na miya. Na zuba albasa da citta da attaruhu da gishiri, na ɗora a murhun gawayi, na tafi sallar azahar. Da na dawo na sake ɗebo gishiri. Ta ce na sa ɗazu. Na ce ban sa ba, kuma ina da tabbaci. Bakina da azumi, nata ma haka, babu mai ɗanɗanawa, don haka maganata ta yi nasara.

Ta ce in bari ruwan ya tsotse ƙarƙaf kafin in sauke. Na leƙa tukunya na ga ai sauran kaɗan ne, na juye a turmi. Bugun farko da na yi da taɓarya, romo mai zafi da attaruhu ya yi tsalle ya shige mini ido. Na yi ta zagaye tsakar gida ina lalube ina neman buta. Ban ji ta yi dariya ba, amma da idona ya buɗe na ga ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Abin da na daka bai yi kama da dambu ba. Ya dunƙule kamar fura, jijiya ta nannaɗe taɓarya.

Haka na zuba shi da danshinsa cikin man gyaɗa mai zafi. Mai ya shiga harbi, na kare fuska da murfin tukunya ina miƙa ludayi daga nesa. Ta ce a rage wuta, a yi ta juyawa ba tsayawa. Ban daɗe ba dantsena ya fara ciwo.

"Wai har yaushe ake juya abin nan?"

"Ni dai in na fara da la'asar, sai dab da magariba."

Na ƙara gawayi na yi fifita don in rage hanya. Sai maƙwabcina ya yi sallama. Na fita soro, na tsaya ina ba shi labarin yadda ake dambu na asali. Shi ne ya katse ni ya ce, "Malam, kamar daga gidanka ƙaurin nan yake fitowa."

Ina tsaye a kan kaskon da ya yi baƙi, Yaya ta shigo. Ita ce babbarmu, ta zo daga Abakpa duba mai karaya. Ta dubi kasko, ta dubi jajayen idanuna, ta dubi rigata.

"Kai kuma me ka yi wa naman mutane?"

"Irin na Inna nake ƙoƙarin yi, Yaya. Tun da ta rasu ba mu ƙara cin dambun kirki ba."

Yaya ta yi dariya har ta zauna a kan turmi.

"Wane na Inna? Inna da kafaɗa ta hana ta ɗaga taɓarya tun kafin a yi maka aure? Ga mai dambun nan zaune da karyayyen hannu. Kasko ɗaya take soyawa, Inna ta ɗiba a langarta ta ce a kai wa ɗan lelenta."

"Yaya, don Allah ki bari," in ji matata.

Na juya gare ta, ludayi yana hannuna. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini.

"Inna ce ta ce kana murna in ka ga langarta, kada in ɓata maka. Ita ma tana jin daɗi in ka je kana yaba mata."

"Ta san abin da nake cewa a kan na roba?"

"Ban taɓa gaya mata ba."

Aka kira magariba. Na sha ruwa, na ɗebi abin da ke cikin kasko na sa a baki. Gishiri da ɗacin ƙuna suka haɗu, jijiya ta ƙi taunuwa. Na haɗiye da ƙyar. Na gyara murya na fara da cewa, "Ashe dai mutum yakan yi kuskure."

"Wane mutum?" in ji Yaya. "Faɗi sosai, ina nan zaune."

Sai na faɗa. Na ce ni ne, na ce dambun matata na yi ta yabo ina kushewa a zama ɗaya, na roƙe ta ta yafe mini. Ta dubi kaskon, ta dube ni. Can ta ce, "Na yafe, Malam. Amma kaskon nan kai za ka kankare."

Na kankare shi bayan isha'i. Dambun kuwa ba a zubar da nama a gidanmu, ni kaɗai na cinye shi cikin kwana shida, ina bi da ruwa. Yanzu duk jajiberi ni ne mai cire jijiya da daka, ita take juya kasko. Gishiri ne har yau ba ta yarda in taɓa ba.