Fitilar da Baba Ya Zaɓa a Maigatari

Matso ki ji, 'yar'uwa. Jiya ina shara na tsinci wata 'yar tayar mota, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, sai Baba ya faɗo min a rai.

Da gwangwanin madara yake ƙera ƙananan motoci, har da madubi da lamba. Da idonsa ya fara hazo, babban yayanmu ya kulle almakashi da fenti a akwati, wai ya huta. Baba ya daina cin abincin kirki, sai zama yana murza yatsu.

Ni da ko ƙofar gida ban cika leƙawa ba, na yafa mayafi na riƙe hannunsa, daga Gumel sai kasuwar Maigatari, neman fitila da gilashin ƙara girma. Mai shago ya kunna fitila mai ruwan ɗorawa, Baba ya zaro jan gwangwani daga aljihu ya kara a haskenta. "Ɗana, wannan maƙaryaciya ce, ta mai da ja ƙasa-ƙasa. Ba ni fara, mai lanƙwasa wuya." Gilashin ƙara girma kuwa a kan babban yatsansa ya gwada. Da ya ga zanen fatarsa ya yi dariya: "Ido ne ya gaji, hannu bai ce komai ba."

Muna dawowa na ɓalle kwaɗon akwatin. Har ya koma ga Allah ɗakinsa warin fenti yake.

Yanzu dangi na cewa ni na ƙarasa masa ido. Su yi ta faɗa! Allah ya haskaka kabarinsa. Ke da mahaifinki ne, za ki bari ya ƙare kwanansa hannu a cinya?