Babban Yatsan Mahauci

A gidanmu na unguwar Aljirif, da an sallame magariba Habboba take jawo mangal ɗinta, wato murhun gawayi, tsakar gida. Habboba ita ce mahaifiyar babanmu. Tana soya bunnu, 'ya'yan gahawa, a kan gawayi, mu jikokinta biyar muna zagaye da ita, hayaƙin masu gasa bulo yana tasowa daga bakin kogi. Ba ta fara labari sai ta ga kowa ya tanƙwashe ƙafa.

Baba mai agashe ne a kasuwar Suk al-Arabi, kuma ba ya sayar da naman da bai ɗanɗana ba. Ya yi suna, ya yi ƙiba. Ina ɗan shekara tara ciwon da ake kira nigris ya fara kama shi. Babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jajir, ko mayafi ya taɓa shi sai ka ga Baba ya cije leɓe. Shi dai ya ce sabon takalmi ne ya matse shi.

A irin wannan yammaci, yana kwance a gadon angareb da ƙafa bisa matashi, Habboba ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri."

"Mun ba ta," muka amsa.

Wani mahauci ne, in ji ta, wanda ba ya cin komai sai hanta da ƙoda da kitse. Yatsan ƙafarsa ya kama ciwo. Ya je ya zagi baduku, ya koma yawo ba takalmi, ciwo bai tafi ba. Ya ce maƙwabcinsa ne ya yi masa baki, ya daina gaishe shi, ciwo yana nan. Daga ƙarshe aka kai shi wurin wata tsohuwa. Ta ce tana da magani, amma ba a shan sa sai a ɗakinta, kwana bakwai. Kullum ta ba shi kunu da dafaffen ganye, sannan ya shanye wata baƙar gora cike da magani. A rana ta bakwai ya miƙe yana taka rawa.

"Me kika zuba a gorar nan?" ya tambaye ta.

"Ruwan rijiya," ta ce. "Ciwonka ta baki yake shiga."

Mahauci ya yi godiya, ya koma gida, ya yanka rago don murnar warkewa, ya cinye hantar shi kaɗai.

"Sai me, Habboba?"

"Sai yatsa ya ce assalamu alaikum."

Muka yi ta dariya. Baba bai yi ba. Ya ce, "Hajja, na ji." Ta zuba masa gahawa kamar ba da ita yake ba.

Bai ji ba. Ya yi shekaru yana fama, har tsakuwa ta fito masa a ƙoda, jininsa ya hau. Bayan rasuwar Habboba, ina da iyalina a Umbadda, na kai shi wani asibiti a Omdurman inda likitoci 'yan Sin suke aiki. Likitan ya duba harshensa, ya riƙe wuyan hannunsa ya daɗe. Ta bakin tafinta ya ce a iliminsu na gargajiya, abinci mai maiƙo yana tara danshi da zafi a jiki, idan saifa da ƙoda suka gaza kore su sai su sauka gaɓoɓi su toshe hanya. Ya soka masa siraran allurai, ya ce ya ci gaba da ƙwayoyin da aka rubuta masa bayan gwajin jini, ya bar kayan ciki, ya yawaita ruwa.

Na ɗauko Baba a mota, muka hau gada. Sannan ya ce, "Mutum ya taso tun daga Sin don ya faɗa mini abin da uwata ta faɗa." Daga makon nan ya bar wa ƙanena ɗanɗanon agashe, ciwon kuma ya rage zuwa.

Na daɗe ina ɗauka don mu aka yi tatsuniyar nan. Sai da na girma na gane Habboba ba za ta yi wa ɗanta faɗa a gaban 'ya'yansa ba, kuma ba za ta zuba ido yana cutar da kansa ba. Ta faɗi gaskiyarta dukka, ta bar masa girmansa. Ya ɗauki shekara ashirin kafin ya karɓa, amma da ya karɓa, da sunanta ya karɓa.