Jeren Sitti

A shekarar da aka zo neman auren yayata Hauwa, shekarar da aka rushe layin bayan gidanmu a unguwar Tandabawi, Baba ya ce sai an gyara ɗakin baƙi. Ɗakin kuwa kakarmu ce a ciki, mahaifiyarsa, wadda muke kira Sitti. Jerenta ya cika bango guda, kayan ɗakin aurenta ne da ta taho da su ƙasa mai tsarki daga Kano ta hanyar Sudan, rabi a kan jaki, rabi a kanta. Kowace Alhamis ni ke goge tasoshin da toka da lemun tsami kafin a bar ni in fita ƙwallo. Da la'asar rana kan leƙo ta taga ta faɗa kan tagullar, ɗakin ya yi ja kamar garwashi. Ni a lokacin zafin yatsuna kawai na sani.

Dangin manemin 'yan unguwar Rusaifa ne, masu shaguna, kuma Baba yana tsoron su shigo su ɗauke mu ƙauyawa. "Inna, ki yi haƙuri, zamani ne," ya ce. Ita kuma ta ce, "Gidanka ne." Aka kira mai sayen tsofaffin kaya. Ni da ƙannena muka yi ta rige-rigen sauke kayan zuwa kurarsa, muna murna an gama da gugar Alhamis. Aka kawo kujerun kushin da labule mai nauyi, aka rataye najafa, fitilar nan ta rufi mai ƙyalƙyali, wadda haskenta ke sa Sitti runtse ido.

Ranar da matan dangin manemin suka zo, ni na shigo da gahawa. Babbarsu, wata tsohuwa mai sanda, ta bi bangon da kallo, sannan ta bar Larabci ta koma Hausar Kano tsantsa. "Hajiya, an ce mini kin iso da jerenki lafiya. Nawa a hanya ya salwanta. Wallahi don in gan shi na matsa aka taho da ni." Sitti ta gyara mayafinta ta ce, "Yara sun ce ya tsufa." Ummana ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na tsaya da buta a hannu, na rasa inda zan sa idona. Washegari Baba ya zaga kasuwar tsofaffin kaya har azahar, ya dawo hannu wofi. An yi auren. Sitti ba ta sake tayar da zancen ba har ta rasu.

Yau sana'ata haɗa fitilu a gidajen masu hali. Sukan nuna mini tsohon tire ko akwatin katako su ce in karkata ƙaramar fitila kansa, na kakarsu ne. Nakan yi aikin a hankali. Namu jeren tasa goma sha biyu ne, da ƙwarya bakwai masu zane, da akushi uku, da kujera 'yar tsuguno guda.